Ruwa a Ƙirji, Ƙaho a Baya

Da sunan Allah mai rayawa, mai kashewa. Watan jiya na fita takaba, kuma tun ranar da aka kai Malam makwancinsa babu wanda ya shigo gidan nan bai ce min in yi haƙuri ba. Na yi. Amma haƙuri daban, rufe baki daban. Ina rubuta wannan ne saboda matar da gobe za ta zauna a gindin gadon asibiti, likita ya faɗa mata magana, ta ɗauko ta kawo gida, a ce mata ta shiga ciki maza suna shawara.

Sunana Hajara. 'Yar cikin garin Hadejia ce ni, aure ya kai ni wani ƙauye a fadamar Kirikasamma. Sunan mijina Muhammadu, a gidansu Modu ake ce masa don kakanninsu daga bakin tafkin Cadi suka taso, ni kuwa Malam nake kiransa. Manomin rani ne, tattasai da shinkafa, kuma shi ke jan salla a ɗan masallacin ƙofar gida. Mahaifinsu ya daɗe da rasuwa, saboda haka wansa Yaya Bukar shi ne mai gida, abin da ya yanke shi ake yi. Mahaifiyarsu, Iya, tana nan da ranta.

Ciwon bai yi sallama ba. Wajen ƙarshen rani Malam ya fara dawowa daga ban ruwa ya zube a tabarma ko ƙafa bai wanke ba. Sai zazzaɓin yamma, sai gumi mai jiƙa matashi, sai kaluluwa a wuya da hamata, ba sa zafi kuma ba sa tafiya. In ya yi asuwaki sai a ga jini a bakin icen. Amma abin da ya tayar min da hankali karatunsa ne. Bango ɗaya ya raba masallacin da madafata, shekara da shekaru ina aiki ina jin muryarsa. Mutumin da ke jan doguwar sura har dattawa su fara gyaran murya, sai ga shi ya koma Ƙulhuwallahu, ita ma sai ya tsaya a tsakiya ya ja numfashi.

A ƙauye ba a rasa likitoci. Iya ta ce shawara ce, ta cika tukunya da saiwoyi. Yaya Bukar ya ce sanyin fadama ne, duk wanda ya wuni a cikin ruwa sai ya ji a jikinsa. Wani maƙwabci ya ce basir ne ya hau sama, domin shi ko idonka ne ya yi ja basir ne. Mai kemis ya ce taifot, ya rataya masa ƙarin ruwa a jikin ƙusa, leda bayan leda, mutumin da ruwa ke shirin shaƙewa. Sati ya bi sati a haka. Tari ya zo, busasshe, mara majina. Kwanciya ta gagara, sai dai in jingina masa buhun shinkafa ya yi barci a zaune. Ranar da sujada ta gagare shi ya miƙa wa wani limanci, na kira ƙanena Sani a waya na ce ya zo da mota, ko a yarda ko kada a yarda.

A asibitin cikin garin Hadejia mun kama layi tun hantsi bai yi ba, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Saurayi ne, duk ya gaji, amma Allah ya saka masa, bai yi mana gaggawa ba. Ya ɗaga rigar Malam yana ƙwanƙwasa bayansa da yatsa kamar mai zaɓen kankana.

Ya ce, "Malam, tun yaushe ka daina kwanciya?"

Malam ya ce, "Alhamdulillahi, da sauƙi."

Na ce, "Likita, babu wani sauƙi. Tun kafin a cire tattasai a zaune yake barci."

Yaya Bukar ya juyo ya harare ni, wai na yi magana a gaban maza. Aka yi hoton ƙirji. Gefe ɗaya baƙi, gefe ɗaya fari fat har ya wuce rabi. Likita ya ce farin nan ruwa ne, ya taru tsakanin huhu da haƙarƙari ya matse huhun dama. Ya ce amma ruwa ba ya tsami banza, gwajin jinin ma bai yi masa daɗi ba, mu wuce Kano.

Injin ban ruwan Malam aka fara sayarwa, sai awakina suka bi baya. A Kano na koyi sana'ar jinya: bin layin kati, bin layin biya, bin layin gwaji, sannan a ce mai gwajin ya tashi sai gobe. Na koyi kwana a baranda da raba tabarma da matar da ban taɓa gani ba. Wata 'yar Gumel da ke jinyar ɗanta ita ta nuna min inda ake samun ruwan zafi, kuma ba ta taɓa buɗe kwanon abinci ba ta ce min bismillah ba. A sati na biyu aka huda ƙashin ƙugun Malam aka ɗebi ɓargo. A na uku likitar jini, wata mace doguwa mai tabarau, ta zaunar da mu ta ce sankarar jini ce. Ta faɗi sunanta da turanci, bai zauna min ba. Abin da ya zauna min shi ne da ta ce ruwan ƙirjin ba shi ne ciwon ba, ciwon ne ke haifar da shi.

Kafin a zuƙe ruwan sai an ƙara masa jini, kuma dangi ake so su bayar. Sani ya miƙa hannu. Yaya Bukar ya ce damina ta kawo kai, manomi ba ya ba da jini da fartanya a gabansa. Sauran jinin wasu samari ne suka bayar, an yi sanarwa a masallacin Juma'a suka zo, ko sunansu ban sani ba. Allah ya san su, ya biya su.

Ranar zuƙar, Yaya Bukar yana tsaye a bakin labule yana kallo. Aka zaunar da Malam ya rungumi matashi a kan tebur, aka goge bayansa, aka kashe wurin da allura, sannan aka shigar da wata doguwa tsakanin haƙarƙari. Ruwa ya biyo roba yana zuba a kwalba, ruwan ɗorawa-ɗorawa, har na daina kallo don mamakin inda duk wannan ya samu wurin zama a jikin mutum ɗaya. Kafin la'asar Malam ya kwanta a gadon bayansa. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Hajara, ashe haka kwanciya take da daɗi? Ko akwai bandar kifi a garin nan?" Na fita baranda na yi kukan farin ciki.

A nan Yaya Bukar ya same ni, yana kaɗa kai yana dariya. Ya ce, "Shi ke nan abin? Wannan muka sayar da inji a kai? Ai wannan ƙaho ne da turanci." Na ɗauka raha yake yi. Washegari aka yi ruwan shuka a gida, ya hau mota ya koma.

Saboda haka ba ya nan lokacin da aka fara wa Malam maganin sankara, wanda ake ce wa kemo. Ba ya nan kuma ranar sallama, da likitar ta cire tabarau ta dube ni ido cikin ido.

Ta ce, "Maman yara, ki riƙe abu biyu. Ruwan nan zai iya dawowa kafin magani ya ci ƙarfin ciwon. In kin ga numfashi ya fara sarƙewa, kada ki jira ranar da muka ba ku, ki kawo shi. Na biyu, jininsa ba ya daskarewa kamar na kowa, maganin kuma ya rage masa garkuwar jiki. Kada ƙarfe ya taɓa fatarsa. Ba aski da aska, ba yankan farce da reza, ba tsaga, ba ƙaho. Kin ji ni?"

Na ce, "Na ji, likita."

To 'yar'uwa, in kina karanta wannan, ga abin da nake so ki ɗauka. Asibiti mai jinya yake faɗa wa magana, don ita yake gani safe da yamma. Gida kuwa ba mai jinya yake saurare ba. Kada ki yarda a sallame ku sai kin jawo wanda ake jin maganarsa a gidanku, ko a waya ne, likita ya faɗa masa da bakinsa. In ba haka ba, maganar da ta fito daga bakin likita tana isa ƙofar gida za ta zama maganar mace.

Mun dawo gida Malam yana tafiya da ƙafarsa. Aka yi ta zuwa barka. Cikin masu zuwa har da Baba Wanzam, wanzamin gidan tun zamanin mahaifinsu. Shi ya yi wa Malam askin suna, shi ya yi masa kaciya, kuma duk shekara shi ke yi wa mazan gidan ƙaho a cire mataccen jini. Ya ga sumar Malam ta taru, ya buɗe zabira ya fara wasa aska. Na fito na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ka yi haƙuri, likita ta hana ƙarfe ya taɓa shi." Tsohon ya mayar da askarsa ya tafi. Kafin magariba zance ya zagaye ƙauye: 'yar birni ta kori wanzamin gida. Ba a jima ba sumar ta fara zubewa da kanta saboda maganin, ga amai, ga kasala. Iya ta riƙa tsintar gashin a kan matashi tana nuna wa mata tana cewa, "Ku ga abin da maganin Kano yake yi wa ɗana."

Sai kogi ya cika. Kacala, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa, ta sa ya rasa inda zai bi, ya hau gonaki ya cinye hanyar mota. Duk mai son fita sai ya shiga jirgi ya kai bakin kwalta. A daidai wannan lokacin na sake jin tarin. Sannu a hankali Malam ya fara neman ƙarin matashi, daga nan ya ce in dawo masa da buhun shinkafar. Na samu Yaya Bukar a tsakar gida na ce ruwan ya dawo, likita ta ce kada mu jira.

Ya ce, "Da me za a je? Gona tana cikin ruwa, inji babu. Kuma ni da idona na ga abin da suke yi. A baya suke hudawa su zuƙo. Baba Wanzam ya shekara nawa yana zuƙo abin da ya fi wannan?"

Na ce, "Yaya, ba ɗaya ba ne. Nasu cikin ƙirji yake shiga, kuma sai da suka ƙara masa jini. Likita ta ce in aka tsaga shi jinin ba zai tsaya ba."

Ya ce, "Su da kansu suka ce jininsa ne ya lalace. To lalataccen jini ajiye shi ake yi?"

Iya ta sa baki ta ce, "Ke Hajara, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mu muka haife shi."

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na ce, "Ku kuka haife shi, amma ni na kwana a ƙarƙashin gadonsa! Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo!" Har maƙwabta sun ji. Sannan Yaya Bukar ya ce to, naki ya yi, gobe da safe a tafi, amma yau da la'asar za a tara mutane a zaure a yi masa addu'a, in shirya sadaka. Na ji sanyi a raina. Na kira Sani ya ce zai jira mu da mota a bakin kwalta. Na shiga wurin Malam na ce, "Ka ji abin da likita ta ce da kunnenka, kada ka bari." Ya dube ni yana haki, ya ce, "Hajara, Yaya ne fa." Ban gane nauyin wannan amsar ba sai daga baya.

Da la'asar aka riƙo shi aka kai zaure. Ni ina madafa ina suyar waina, ina jin karatu ta bayan bango, har ina cewa amin. Karatu ya ƙare, aka shafa fatiha, na ji takalman mutane suna watsewa. Ina jira a aiko a ɗauki sadaka, shiru. Can sai ga Iya ta shigo da tasa a hannu, ba ta dube ni ba, ta durƙusa a bakin murhuna tana kwasar toka.

Na ce, "Iya, tokar me?"

Ta ci gaba da kwasar tokarta. Na bar tanda a wuta na yi zaure ko mayafi babu. Malam yana zaune ya rungumi buhu, kamar yadda Yaya Bukar ya ga an zaunar da shi a Kano. Ƙahonin suna zube a ƙasa. Bayansa layi-layi ne na tsaga, ƙanana, irin waɗanda a jikin mai lafiya kafin wanzami ya ɗaure zabira sun bushe. Waɗannan ba su bushe ba. Jini yana tsattsafowa yana gangara, an shafa toka ya ratso ta, an danna tsumma ya jiƙa shi. Baba Wanzam yana tsugune yana salati, an ce shi ma sai da ya yi ta jan ƙafa kafin ya yarda. Ruwan ƙirji kuwa ko ɗigo bai fito ba, yana nan inda yake. Jinin da bayin Allah suka zo daga masallaci suka bayar, shi ne a ƙasan zauren, kuma wanda ya ce ba shi da na bayarwa shi ya sa aka zubar.

Ban yi ihu ba, babu lokacinsa. Na yage zanina na ninka na danne bayan, na ce a nemo jirgi, a kira Sani ya taho da mota yanzu. Mai jirgin, Allah ya ji ƙan iyayensa, bai tsaya ciniki ba. Muka ratsa ta kan gonakin shinkafar da ruwa ya shanye, yana ture kacala da sanda, Malam yana zaune a jikina, ƙirjina a bayansa ina danne da tsumman. Ina jin numfashinsa gajere-gajere kamar na wanda ya yi gudu. Yaya Bukar yana gaban jirgin ya ba mu baya, har muka kai kwalta bai waiwayo ba.

A Hadejia aka ƙara masa jini, aka ɗaure bayan, da ƙyar ya tsaya. Amma tokar da tsumman sun riga sun yi nasu aikin. Kafin mu isa Kano jikinsa ya yi zafi rau, tsagar ta kumbura ta fara ruwa. Aka sa masa abin numfashi a hanci. Aka ce ba za a iya zuƙe ruwan ba sai jini ya hau, ba za a iya ci gaba da kemo ba sai zazzaɓi ya sauka, zazzaɓin kuma ya ƙi sauka. Keken ɗinkina ya tafi a wannan satin, wurin allurai masu tsada da ake sayowa a waje.

Da likitar jini ta zo zagaye ta ɗaga rigarsa ta ga bayan, sai ta tsaya cak. Ba ta dubi Yaya Bukar ba, wanda ke tsaye a gefen gado da carbi. Ni ta duba.

Ta ce, "Baiwar Allah, ba ke na zaunar na faɗa wa ba? Ban ce miki ba ƙaho ba? Me ya sa kuke yi mana haka?"

Ɗakin cike da mutane, kowa ya juyo. In ce me, a gaban wan mijina? Na dubi Yaya Bukar ko zai ce uffan. Yana ta jan carbinsa, idonsa a ƙasa. Sai na ga hannun Malam ya motsa. Ya janye robar daga hancinsa, ya tattaro ɗan numfashin da ya rage masa.

Ya ce, "Likita... ta faɗa. Wallahi ta faɗa. Ba a ji ba ne."

Ita ce magana ta ƙarshe da ya yi wadda aka fahimta, ban da kalmar shahada. Bai sake kwanciya a gadon bayansa ba. A zaune ya cika, da hantsi, kansa a kafaɗata. Likitar ta dawo daga baya ta riƙe hannuna ta ce in yafe mata, na yafe, domin ita ce kaɗai ta nema.

Ban ce da ba a yi ƙahon ba da Malam yana raye ba. Ciwon babba ne, likita ma ba ta taɓa yi mana alkawari ba, rai kuma na Allah ne. Amma an ba mu wata 'yar ƙofa, kuma a zauren gidanmu aka rufe ta. Wannan shi ke ci na, kuma ba zan ɓoye ba, har yau in na ji sallamar Yaya Bukar sai na ji ɗaci a raina.

Ranar sadakar uku ina cikin ɗaki ina jin sa ta bayan bango yana karɓar gaisuwa. Yana cewa, "Babu abin da ba mu yi ba. Asibiti mun kai, na gida mun gwada, kwana ne ya ƙare." Mutane suna cewa Allah ya saka masa, ɗan'uwa ya yi ɗan'uwa. A tsakar gida kuma Iya tana gaya wa mata maganin Kano ne ya ƙarasa mata ɗa, wata tsohuwa har tana cewa da matar ta bari an yi ƙahon tun da wuri, da wataƙila an dace.

Allah ya ji ƙan Malam, ya ba shi numfashin da duniya ta hana shi. Ni dai ban tanka musu ba. A duk gidan nan mai yi min shaida ɗaya ne, kuma su da kansu suka ɗauke shi a makara suka kai kushewa.